Malamin Jami'a Da Kasuwar Takardu

Akwai wani malami a wata jami'a ta ƙasar nan wanda ya shekara ashirin yana koyar da ilmin ƙasar noma. Tun yana da ƙuruciya ya yi wani bincike a kan yadda gishiri ke kashe gonakin rani, aka buga shi a mujallar tsangayarsu, aka jibge kwafen a ɗakin ajiya, gara ta ci rabonta. Shi kuwa bai yi tsammanin wani ɗan Adam zai sake duba wannan takarda ba.

Ran nan sai wani tsohon ɗalibinsa, wanda shi ma ya zama malami, ya shigo ofis ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Malam, Allah ya gafarta, ai yanzu ilmi ya koma kasuwar intanet. Wanda bai baje hajarsa can ba, ko sunansa ba a sani ba." Malam ya yi murmushi ya ce, "Kai yaro, a ina ka taɓa jin zuma ta yi talla?"

Duk da haka ya bari aka buɗe masa shafi a ResearchGate, watau dandalin masu bincike da wani likita Bajamushe mai suna Ijad Madisch ya kafa tare da abokansa biyu a 2008, wanda hedkwatarsa take Berlin. A shekarar nan ce kuma Richard Price ya kafa Academia.edu. Manufarsu ɗaya ce: malami ya ɗora takardunsa, na nesa ya karanta, a yi tambaya a ba da amsa.

Amfanin farko da Malam ya gani ba ƙarami ba ne. Takardar da mawallafan Turai ke sayarwa daloli masu yawa, wadda laburaren jami'arsu ba shi da ita, sai ya roƙi marubucinta, kafin mako ya zagayo ta iso masa kyauta. Ashe wannan rabon takardu ya tsone wa mawallafa ido, har Elsevier da Ƙungiyar Masana Kimiyyar Sinadarai ta Amurka suka kai ResearchGate ƙara a 2017, ba a sasanta ba sai a 2023.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Dandalin yana ba kowa maki, yana kuma ƙirga waɗanda suka leƙa takardarsa. Mutumin da ya ce zuma ba ta talla, sai ga shi da an sallame sallar Asuba ya ɗauki waya yana duba ko makinsa ya motsa. A ɗakin shan shayi kuwa malamai sun rabu biyu: matasa suna alfahari da lambobi, dattawa suna cewa wannan wasan yara ne, tunda kwamitin ƙarin girma ba ya tambayar mutum nawa suka leƙa, sai dai a wace mujalla aka buga, su wa kuma suka tace aikin.

Ana cikin haka wasiƙu suka soma zuwa daga wasu mujallu, suna cewa ya aiko da takarda da kuɗi, su buga cikin mako guda. Lokacin kuwa takarda biyu suka rage masa ya nemi kujerar farfesa. Ya kwana uku yana juya maganar a ransa, sa'an nan ya ƙi, domin ya san mujallar da ba ta tace aiki ba ta bambanta tsaba da tsakuwa. Aka yi ƙarin girma a wannan shekara babu shi.

A 2022 ResearchGate ta soke makin nan baki ɗaya. Abin da aka yi shekaru ana gasa a kansa ya ɓace dare ɗaya, masu alfahari suka yi tsit.

Abin da bai ɓace ba shi ne wani saƙo daga wani ɗalibi a Pakistan, inda gishiri ya daɗe yana damun manoman kwarin Indus. Ya karanta tsohuwar takardar nan, yana roƙon a bayyana masa yadda aka auna ƙasar. Malam ya zauna ya rubuta masa amsa shafi uku, da irin natsuwar da yake koyar da 'yan ajinsa. Ya kira tsohon ɗalibinsa ya nuna masa, ya ce, "Ka ga abin da ya sa ba zan rufe shafin nan ba."

Allah ya ba malamanmu haƙuri, ya sa albarka a cikin abin da suke rubutawa, amin.