Kaset Ne Ya Rage Mu, Ko Fim?

Mu 'yan kallo na Sara, a zamanin Sangaya da Wasila, wajejen 2000, waƙa muke fara ji kafin mu ga fim. Furodusoshin Kano sukan buga ta da fiyanon Yamaha, su saki kaset ɗin sauraro don talla, dillalan Ƙofar Wambai su bazo shi har kasuwarmu. Mu haddace tas, fim ya fito an datse baitoci! Kiɗan taushin da ke sa mu ƙwalla wajen rabuwar masoya kuwa, ba ya cikin kaset. Yau waƙoƙin suna YouTube, amma shi wannan kiɗa, in bidiyon ya lalace, shi ke nan. Furodusoshi, don Allah ku adana mana shi.