Ƙananan motocin maigidana

Na san kun saba ina kawo muku bayani a kan magunguna, amma yau labarin gidana zan ba ku. A cikinsa akwai kuskuren da na tafka da hannuna, ni da nake tsayawa bayan kanta daga safe har dare ina yi wa mutane gargaɗi.

Shekara biyu da suka wuce ƙanen maigidana ya dawo daga karatu a Amurka, ya kawo wa kowa tsaraba. Ni jaka na samu, yara takalma, shi kuwa yayansa sai ya miƙa masa wani kwali mai hoton baƙar mota. Na ɗauka motar wasa ce, har na ce a ba babban ɗanmu. Da aka buɗe sai na ga babu mota a ciki. Gutsattsarin roba ne barkatai maƙale a jikin wasu siraran sanduna, da tayoyi huɗu, da gilashi, da takarda mai zane-zane. Mutum ne zai yanko kowane guntu, ya goge bakinsa, ya yi masa fenti, ya manna shi inda ya dace, tun daga inji har madubin gefe.

Sunan motar Dodge Charger, ƙirar 1970. Wanda ya kalli fim ɗin The Fast and the Furious na farko, na 2001, ya san ta, ita ce baƙar motar da Vin Diesel ya tuƙa a ƙarshen fim ɗin. Kada ku ɗauka ni masaniyar mota ce, a bakin maigida na sha jin wannan karatu har na haddace. Amurkawa suna yi wa irinsu laƙabi da motoci masu ƙwanji. A ɗauko mota mai ƙofa biyu, a cusa mata ƙaton inji mai silinda 8, a sayar wa matasa a farashin da za su iya. An fi lissafa Pontiac GTO ta 1964 a matsayin wadda ta buɗe fage, sauran kamfanoni suka biyo baya. Injin Charger da aka fi ji da shi, wanda ake kira Hemi, lita 7 ne mai ƙarfin doki 425, alhali Corolla da yawancinmu muke hawa lita 1.8 ce. Zamaninsu bai wuce shekara goma ba. Kuɗin inshora ya yi tsada, aka kafa dokokin rage hayaƙi, sannan a 1973 ƙasashen Larabawa masu fetur suka hana Amurka mai, mutane suka koma neman motar da ba ta shan mai. An daina ƙera Plymouth a 2001, Pontiac kuma a 2010. Wanda ba shi da halin mallakar ta gaske sai ya haɗa ƙaramarta, irin wadda kamfanoni kamar AMT da MPC da Revell suke yi, yawanci a ma'aunin 1:25. Wato Charger mai tsawon fiye da mita 5 ta dawo santimita 21 a kan tebur.

Ni dai ban ga abin burgewa ba. Mutum gemu-gemu, mai mata da 'ya'ya uku, ya zauna da ɗan hantsaki yana ɗaukar robar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Na yi masa dariya son raina, har a gaban baƙi nakan ce yarana huɗu ne a gidan.

Rigimarmu ta farko a kan wari ce. Ranar da ya nemo gam ya buɗe shi a cikin ɗaki, taga a rufe, ina shigowa na ji kamar na faɗa rumfar mai faci. Uwargida, in kin taɓa jin warin sholisho to shi ne. Gam ɗin nan ba irin na takarda ba ne, narkar da fuskar robar yake yi, guntu biyu su zama ɗaya. Abin da ke yin wannan aiki sinadarai ne masu saurin tashi a iska, kamar toluwin da asiton, kuma toluwin ɗin yana cikin abubuwan da ke bugar da masu shaƙar sholisho. A Amurka ma cikin shekarun 1960 gam ɗin irin waɗannan kwalaye ne matasa suka riƙa shaƙa, har wasu jihohi suka kafa dokar taƙaita sayar wa yara. A ɗaki rufaffe yana sa ciwon kai da jiri da tashin zuciya, yana iya tayar wa mai asma ciwonsa, kuma ba na son mai ciki ta zauna kusa da shi. Na yi masa wannan lacca, bai musa ba. Ya kwashe kayansa ya koma baranda, ya kunna fanka tana kora iskar waje.

Akwai abin da idona ya gani a lokacin amma zuciyata ta ƙi lissafa shi. Maigidana yana da hawan jini, yana shan magani. Mazauna Legas sun san yadda mutum yake dawowa gida bayan awa biyu ko uku a gosulo. Yakan shigo fuska a murtuke, ya ci abinci, ya ɗauki waya. Daga labarin tsaro ya koma farashin dala, daga nan ya faɗa gardamar siyasa a Facebook, har ɗayan dare idonsa biyu. Yaro ya yi ɗan motsi sai tsawa. Tun da ya fara motar nan wayar ta koma caji a ɗaki, domin hannun da ya yi fenti ba ya taɓa ta. Yakan yi awa ɗaya a baranda shiru, ya wanke hannu, kafin sha ɗaya ya yi barci. Na ga haka ƙiri-ƙiri, amma na ci gaba da kiran abin wasan yara.

Wata na uku, motar ta kusa kammala, sai ya nemi wani guntu ya rasa. Murfin tankin mai ne, ɗan kewayayye mai ƙyalli, bai fi ƙwayar Piriton girma ba. Ya share barandar sau biyu, ya haska tocila ƙarƙashin kujera, ya tambayi yara kowa ya ce bai gani ba. Na ce masa ya haƙura, ai motar da ba ta tafiya ba ta buƙatar mai.

Bayan 'yan kwanaki autarmu, lokacin tana da shekara biyu, ta fara majina. Na ce mura ce. Na ɗiga mata ruwan gishiri a hanci, na ba ta farasitamol da ta yi ƙorafi da dare. Majinar ta yi kauri, ta koma kore-kore, ta fara wari, har in na goya ta ina jin sa a zanina. Saura kaɗan in ɗauko maganin kashe ƙwayoyin cuta in fara ba ta, abin da kullum nake hana iyaye yi ba tare da an duba yaro ba. Allah Ya sa na kira wata likitar yara da muka yi jami'a tare. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Majinar ta hanci ɗaya take fitowa ko ta biyu?"

Jikina ya yi sanyi. Ta dama kaɗai take fitowa, tun ranar farko. Wannan karatu ne da na sani sarai: majina mai wari ta ƙofar hanci ɗaya a jikin ƙaramin yaro, wani lokaci da ɗan jini-jini, ana ɗaukar ta a matsayin wani abu ya maƙale a ciki har sai an duba an ga babu. Da 'yar wata ce aka kawo mini shago da tuni na faɗa. Tawa ce, sai na ga mura kawai.

A asibiti aka naɗe ta a zani, na riƙe kanta tana ta ihu, likita ya haska ya sa wani ɗan siririn ƙarfe mai lanƙwasa. Cikin mintuna kaɗan sai ga murfin tankin Charger a kan auduga. Ya saka mini shi a 'yar takardar magani ya ce in kai wa mai shi.

Tunda na zo nan bari in tsaya in roƙe ki wani abu, uwargida. In kika ga wannan alama, ko kika ga yaro ya tura wani abu a hanci, kada ki sa tsinke ko ashana ko audugar goge kunne, ƙara tura shi ciki za ki yi, kuma yana iya gangarawa hanyar numfashi. A kai shi asibiti. In kuwa ɗan batirin nan ne mai kama da maɓalli, irin na agogo, to a tafi nan take ko da tsakar dare ne, domin cikin sa'o'i kaɗan yake ƙone naman hanci. Haka in yaro ya kurɓi tina ta tsinka fenti, hukuncinta ɗaya da kananzir: ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja ko madara, domin abin da ake tsoro shi ne ya faɗa huhu.

Da muka dawo gida na yi wa maigida tas. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Gaskiyar magana rabin faɗan da kaina nake yi, amma shi ya sha duka. Bai ce uffan ba. Ya tattara motar da gam da fenti ya zuba a kwali, ya ɗora saman wadirof.

Wata biyu kwalin yana can, kuma a cikin wata biyun nan tsohon maigida ya dawo. Waya har ɗayan dare, tsawa, juye-juye a kan gado. Ni nake auna masa jini a gida, na ga lambobin sun fi yadda na saba gani. Na fara tunanin ko zan yi wa likitansa maganar ƙarin magani.

Ana cikin haka Hajiya, mahaifiyarsa, ta zo mana daga Funtuwa ganin likitan ido. Wata rana muna tsinke zogale na ba ta labarin, ina jiran ta goya mini baya. Ta yi shiru, sannan ta ce: "'Yata, ai wannan yaro tun yana ɗan shekara bakwai haka yake. In an yi girbin dawa ba ka ganinsa sai a bayan rumbu yana motar kara. Ya ɓare karan, ya yanka totuwar, ya soke da sille, ya yi taya da tsohon silifas. Har ƙofa yake yi mata mai buɗewa. Yaran unguwa layi suke yi." Ta ce ranar da ya kawo sakamakon jarrabawa mara kyau mahaifinsa ya tattake motocin gaba ɗaya, daga ranar bai sake yin ko ɗaya ba.

Shekara goma sha ɗaya muna tare, ban taɓa jin wannan labari ba. Na tashi na shiga kicin kamar zan duba tukunya.

A daren ni na hau kujera na sauko da kwalin. Na ajiye masa a gaba na ce: "Abban yara, ga motarka, amma da sharaɗi." Muka sayi akwatin roba mai kwaɗo, komai a ciki yake kwana. Ba ya buɗewa sai auta ta yi barci. Yana aiki a cikin faranti mai baki don kada guntu ya gangara, in ya gama ya share, kuma duk abin da ya yanko bai manna ba yana shiga kwalba mai murfi. Ya koma fenti mai tsinkuwa da ruwa, wanda warinsa bai kai na mai ba. Akwai kuma wani gam mai kamawa nan take da yake amfani da shi, wanda 'yar robarsa take kama da ta maganin ɗigawa a ido. An sha samun mutanen da suka ɗiga shi a ido bisa kuskure, don haka na hana shi kusantar durowar magani ko gefen gado.

Kada wani maigida ya karanta wannan ya ajiye ƙwayarsa ya ce zai koma haɗa mota. Nawa yana shan maganinsa kowace safiya, ni nake miƙa masa. Abin da na shaida shi ne barcinsa ya dawo, tsawar ta ragu, kuma maganar ƙarin magani ba ta sake tasowa ba.

Yanzu motocinsa biyar a cikin kabad mai gilashi, har da GTO da wata jar Camaro ta 1969. Akwai kwalaye uku da bai buɗe ba, kuma a nan ne har gobe muke ɗan taɓa rigima, domin kuɗin kwali ɗaya da na kawo shi daga waje ya isa cefanen kwanaki. Mun daidaita a kan ba zai sayi sabo ba sai ya gama biyu. Babban ɗanmu mai shekara goma ya fara zama kusa da shi ranar Asabar, shi ke goge gutsattsarin, amma wuƙa da gam suna hannun uban. Ya yi masa alkawarin in mun je Funtuwa bayan girbi zai nuna masa yadda ake motar kara.

Murfin tankin kuwa na ba shi abinsa bayan na jiƙa shi a sifirit. Ya manna shi, sai dai ƙyallinsa ya dushe, ya bambanta da sauran ƙarafan motar. Auta takan ja baƙi zuwa gaban kabad ta nuna musu shi ta ce nata ne.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.