Ɓeran Gwaji da Ɗan Firamare

Mu mutanen Gombe mun san dafin kububuwa. Kafin a yi wa manomi allurar EchiTAb a asibitin Kaltungo, sai da aka gwada ta a jikin ɓeraye, aka auna yawan dafin da take karyawa. Bayan nan aka jarraba ta kan majinyata 400, sakamakon ya fito a 2010. Ɓera ya mutu domin manomi ya koma gonarsa.

To, mu malamai fa, ina namu ɓeran? A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa. A 2025 ta soke, tun littattafan Hausa, balle na Tangale da Tera, ba su wadaci azuzuwa ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023, a kansa aka yi gwajin, bai ko kai aji huɗu ba aka watsar.