Wasiƙa Zuwa ga Aminina: Macijin Makurɗi da Safar Hannun Agatha Christie

Aminina,

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya Hajiya da ciwon ƙafar nan? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu ma nan lafiya lau, sai zafi da ya sako mu gaba.

Saƙonka game da ɗanmu ya iso, kuma na yi dariya har sai da uwargida ta leƙo ta ga ko lafiya. Wai ka kama yaro da tsohon littafin Turawa na 'yan sanda da masu kisa a ƙarƙashin matashi, hankalinka ya tashi kada ya lalace. Haba mutumina! Wa ya koya mini naɗe bangon James Hadley Chase da takardar jarida don kada malami ya ga hoton da ke jiki? In kai ka manta, ni ban manta ba. Kafin Chase ma ai mun sha rububin mujallar African Film, muna kallon hotunan Lance Spearman da hularsa da sigarinsa, yana ta naushin mutanen Rabon Zollo. Ga mu nan yau, ba wanda ya zama ɗan fashi a cikinmu.

Ka ma san Chase ɗin nan ashe ba Ba'amurke ba ne? Haifaffen Landan ne, ainihin sunansa René Raymond, kuma sayar da littattafai yake yi kafin ya fara rubutu. Lokacin da ya fitar da No Orchids for Miss Blandish a 1939 ko ƙafarsa bai taɓa sawa a Amurka ba. Taswira ya baje a gabansa da ƙamus na sarar Amurkawa, ya ƙera garuruwa da 'yan dabarsu. Mu kuma muna nan muna cika baki mun san lungunan Amurka kamar a can aka yanke mana cibiya. Na yarda da kai dai, Chase hanjin jimina ne, akwai na ci akwai na zubarwa, kuma bai dace da shekarun yaron ba tukuna. In shi ne ka kama a hannunsa, ka karɓe shi, ka musanya masa da Sherlock Holmes ko Agatha Christie. Amma kada ka hana shi karatun ɗungurungum.

Ga dalilina. Ɓarawo ba ya buƙatar littafi kafin ya yi sata. Abin da waɗannan tsofaffin littattafai ke cusa wa mai karatu shi ne kada ya haɗiye bayanin farko da aka miƙo masa. Ya tsaya ya duba, ya tambaya. Mu kuwa a ƙasar nan wa ya kai mu buƙatar wannan tarbiyya?

Tuna mana. A 2009 'yan sintiri a Jihar Kwara suka jawo akuya har ofishin 'yan sanda, suka ce ɓarawon mota ne, sun ritsa shi zai saci Mazda sai ya rikiɗe. Aka karɓi akuya aka tsare, labari ya zaga duniya. A Fabrairun 2018 aka nemi naira miliyan 36 ta kuɗin katin jarrabawa a ofishin JAMB na Makurɗi aka rasa, aka wayi gari jaridu na cewa maciji ne ya haɗiye. Ba mu gama wannan dariya ba, a Yunin 2019 sai ga namu na gida: naira miliyan 6.8 da aka tara a Gidan Zoo na Kano lokacin bikin Sallah ta yi ɓatan dabo, aka ce goggon biri ya cinye. Sai da gwamna ya fito da bakinsa ya ce ai babu ma goggon biri a gidan. Duk yaron da ya karanta littafin Christie ko guda biyu ba zai tsaya tambayar girman cikin maciji ba. Cewa zai yi: wa ke riƙe da makulli? Wa ya ƙirga kuɗin a ƙarshe? Me ya hana a kai su banki? Shi ke nan, biri ya yi kama da mutum.

Bari in ba ka wani labari da ba ƙage ba ne, ka ga inda irin wannan ido ya yi rana. A 1903, a wani ƙauye mai suna Great Wyrley a Ingila, aka riƙa wayar gari ana tarar da dawaki da shanu an farke musu ciki da dare. Limamin cocin ƙauyen ɗan asalin Indiya ne, ya auri Baturiya, kuma an daɗe ana aiko wa gidansa wasiƙun cin mutunci marasa sa hannu. Da 'yan sanda suka tashi neman mai laifi, sai suka dira kan ɗansa George Edalji, matashin lauya. Aka ɗaure shi shekara bakwai. Yana can a kurkuku, farke dabbobi bai tsaya ba, amma hukuma ta yi kunnen uwar shegu. Bayan shekara uku aka sake shi ba tare da an wanke shi ba, ga aikin lauya ya haramta gare shi. Sai ya rubuta wa Arthur Conan Doyle, wanda ya ƙirƙiro Sherlock Holmes.

Suka yi alƙawarin haɗuwa a wani otal a Landan a farkon 1907. Doyle ya makara. Da ya shigo sai ya hango saurayin zaune yana karanta jarida, ya kawo ta dab da hancinsa, ya kuma ɗan karkatar da ita gefe. Doyle likita ne, har ya taɓa zuwa Biyana ya karanci ciwon ido. Tsayawa ya yi daga nesa yana kallo kafin ya ƙarasa su gaisa. Mutumin da ba ya ganin rubutu sai ya manna shi a fuska, ta yaya zai fita cikin duhun dare ana ruwa, ya tsallake layin dogo da shingaye, ya lalubo doki a saura, ya yanke shi, ya komo gida ba wanda ya gan shi? Doyle ya zauna ya rubuta dogon bayani a jaridar Daily Telegraph, ƙasa ta ɗauka. A shekarar aka yi wa Edalji afuwa, ko da yake ko kwabo ba a ba shi diyya ba. Kuma wannan tataɓurza na cikin abin da ya sa Ingila ta kafa kotun ɗaukaka ƙarar manyan laifuka a 1907. Alƙali da lauyoyi da 'yan sanda duk sun ga idon yaron nan, amma mutum ɗaya ne ya dube shi.

Ga na biyu, wanda ya fi taɓa ni. Agatha Christie ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti a garinsu Torquay lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa in ta zo maganar guba ba ta yin kame-kame. A littafinta The Pale Horse na 1961 ta yi amfani da wata guba mai suna taliyom, wadda ke da wuyar ganewa domin alamunta na kama da na cututtuka iri-iri, sai dai akwai guda da ba ta ɓuya: gashin kai zubewa yake yi. A 1977 jaridu suka ba da labarin wata jaririya 'yar wata 19 da aka kawo daga Katar zuwa asibitin Hammersmith a Landan, rai a hannun Allah, likitoci sun yi iya yinsu sun rasa gane kan ciwon. Wata nas da ke jinyarta tana cikin karanta wannan littafi a lokacin. Ta lura gashin yarinya na zuba, ta daure ta faɗa wa likita abin da take zato. Aka gwada fitsari, sai ga taliyom. Ashe maganin kyankyaso ne da ake zubawa a gidansu yarinyar ta samu ta kai baki. Aka ba ta magani ta tashi. Christie kuwa ta riga ta rasu tun Janairun 1976, ba ta ji labarin ba. Ka ga da wani ya ƙwace littafin daga hannun nas ɗin nan ya ce karatun banza ne, da yanzu wani zancen ake yi.

To amma kada ka ce na mai da marubutan nan waliyyai. Shi wannan Doyle da ya gano gaskiya daga riƙon jarida, a 1920 wasu 'yan mata biyu na ƙauyen Cottingley suka yi wasa da hankalinsa. Hotuna suka ɗauka da wasu 'yan mitsi-mitsin aljanu masu fukafukai suna rawa a gabansu. Doyle ya gaskata, ya buga a mujallar Strand, har ya rubuta littafi guda a kai. Sai a 1983, bayan sun tsufa, matan suka amsa cewa zane ne suka yanka a takarda suka kafe da fil. Me ya rufe masa ido? Ɗansa Kingsley ya rasu a 1918, shi kuma ya dulmuya cikin harkar masu da'awar magana da matattu, zuciyarsa na son a ce akwai wata duniya da kamara za ta iya kamowa. So hana ganin laifi. Wannan ma darasi ne da nake so yaron ya sani: kaifin ido ba ya aiki a inda rai ya riga ya zaɓi amsar da yake so.

Wannan ne ya kawo ni kan labarin da ya fi kowanne ɗaure kai. Daren Juma'a, 3 ga Disamba 1926, Agatha Christie ta fita daga gidanta a Sunningdale ta shiga motarta ƙirar Morris Cowley ta tafi. Da safe aka tsinci motar a Newlands Corner, ta gangara cikin ƙaya a bakin wani ramin haƙar alli, ga rigar sanyinta a ciki, ga lasisin tuƙinta, ita kuwa ko sama ko ƙasa. A shekarar ne ta fitar da The Murder of Roger Ackroyd, sunanta ya fara tashe. Ingila ta ruɗe. 'Yan sanda sama da 1,000 suka bazama, ga dubban 'yan sa kai suna kutsawa daji, ga karnuka, har da jiragen sama, aka kuma yi ta lalube cikin tafkuna. Wata jarida ta sa ladan fam 100. Ministan cikin gida ya matsa wa 'yan sanda lamba. Dorothy Sayers, ita ma marubuciyar irin waɗannan littattafai, ta je wurin da kanta ta dudduba. Shi kuma gwaninka Doyle me ya yi? Safar hannunta ya karɓa ya kai wa mai duba!

Ido ya koma kan mijinta Archie, domin ta fito fili yana neman wata mai suna Nancy Neele, kuma ya riga ya ce wa matarsa su rabu, ga shi a shekarar ce mahaifiyarta ta rasu. Mutane sun fara raɗe-raɗin ya kashe ta. Sai ranar 14 ga wata, kwana 11 da ɓatanta, aka same ta lafiya ƙalau a wani otal na masu hutu a Harrogate, can arewacin Ingila. Makaɗan otal ɗin ne suka shaida fuskarta suka kai rahoto. Tana cin abinci da baƙi, tana karanta jaridun da ke ɗauke da hotonta. Ka san sunan da ta rubuta a rajista? Ta ce ita matar aure ce daga Cape Town, sunanta Neele. Sunan wadda ke shirin maye gurbinta.

Miji ya ce ciwon mantuwa ne, likitoci biyu suka goyi bayansa. Jama'a kuwa suka fusata, wasu suka ce tallar littafi ce, wasu suka ce ta shirya ne don ta kunyata miji ta ɗana masa zargi. Aure ya mutu a 1928, ta auri Max Mallowan mai tonon kayan tarihi a 1930, ta ci gaba da rubutu har ta tara littattafan bincike 66. Ta rubuta tarihin rayuwarta da hannunta, amma ta tsallake kwanakin nan sha ɗaya kamar ba a yi su ba.

Ni dai ban yarda da zancen talla ba. Mace mai kunya irin tata, da ba ta son ko hira da 'yan jarida, ba za ta sayi suna da tonon asirin aurenta ba. Zancen mantuwa tsantsa ma bai kwanta mini ba, domin wanda ya manta komai ba ya tuna sunan kishiya. Abin da na fi karkata gare shi shi ne baƙin ciki ne ya taru ya yi mata yawa, rashin uwa da cin amanar miji a shekara guda, ta fita ba ta san inda za ta ba, ta sami wurin da ba wanda ya san ta ta fake, da ta ga abin ya zama gagarumi kuma sai ta rasa ta inda za ta ɓullo. Amma wannan fagenka ne ba nawa ba. Kai da ka daɗe kana sasanta ma'aurata a unguwa, ka ga yaji iri-iri, me ka gani a nan? Ka tambayi uwargidanka ma, na tabbata amsarta za ta sha bamban da taka, kuma ina son in ji duka biyun.

In Allah ya kai mu ƙarshen wata ina nan tafe ɗaurin auren nan, sai mu ƙarasa musun baki da baki. A tanadar mini fura mai sanyi. Ka gaishe da Hajiya da kyau, ka ce ina yi mata sannu. Uwargida tana gaishe ku duka, yara ma suna gaida babansu.

Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka