Abin Da Na Gani Da Na Zauna Ƙasa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ni ma da wannan na tashi, ban taɓa zaton mutum biyu masu lafiyar ido za su dubi abu guda, a ɗaki guda, kowa ya ga nasa dabam, ba kuwa wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Sai da aka tura mu koyon aikin koyarwa a zangon da ya wuce na gamu da haka, na kuwa ji kunyar da har yau in na tuna sai zufa ta karyo mini. Na ga ya kamata in ba 'yan'uwana labarin, musamman waɗanda za su fita bana, don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa.

Makarantar da aka kai ni ta firamare ce, a unguwar Hausawa, can bayan kasuwa. Aka ba ni aji biyar, yara hamsin da 'yan kai. Bencin da ke ɗakin bai ishe su ba, saboda haka ƙananan cikinsu a kan tabarma su ke zama, gaba gaba, dab da teburin malam.

Ran da malamin da kwaleji ta aiko zai zo ya duba ni, darasina na labarin ƙasa ne, a kan ruwan sama a Nijeriya. Makarantar ba ta da taswirar bango. Sai na ari kwamfutar nan ta ɗorawa a cinya wurin abokin ɗakina, tsohuwa ce amma tana aiki, na sa mata taswira mai launi: bakin teku kore mai duhu, tsakiyar ƙasa kore mai haske, can arewa kuwa rawaya. Na ɗora ta bisa tebur, na tara littattafai ƙarƙashinta don na baya su hango, sa'an nan na tura murfin baya don ni da ke tsaye in riƙa gani sosai. A raina na ce yau kam na gama da maki.

Na yi bayani, na ce duk inda launi ya fi duhu nan ne ruwa ya fi yawa. Sa'an nan na yi tambaya, na ce, "Wa zai gaya mini inda ruwan sama ya fi yawa?" Da gangan na zaɓi wani ɗan ƙaramin yaro na kan tabarma, gama na san duk ajin ba wanda ya kai shi kaifin kai. Ya dubi allon, ya ce, "Tsakiya, Malam, wajen Lakwaja." Na ce ya sake dubawa. Ya ƙura ido, ya ce, "Malam, ai tsakiyar ta fi baƙi." Aji ya fashe da dariya. Na saci kallon baƙona, na ga yana rubutu. Raina ya ɓaci, na ce wa yaron ko makaho ne shi, ya tashi ya koma bayan aji ya fuskanci bango. Ya tashi kansa a sunkuye, bai ce uffan ba.

Da aka kaɗa ƙararrawa yara suka fita, na kai hannu zan rufe kwamfuta, sai baƙon nan ya ce, "Malam, bar ta yadda ta ke. Zo ka zauna nan inda yaron ya zauna."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ƙasa?"

Ya ce, "A ƙasa."

Ga ni da farar riga, sabuwar guga. Na tattare ta na zauna, na ɗaga kai. Kai, jama'a! Taswirar da na kwana ina shiryawa ta koma wata aba dabam. Duk allon ya dushe, tsakiyar ƙasa ta yi baƙi ƙirin, bakin tekun da na ke cewa ya fi duhu kuwa ya fi ta haske. Ashe abin da yaron ya gani ke nan, ya kuwa faɗe shi daidai, sau biyu. Dattijon bai ƙara ko kalma ba, ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Abin ya hana ni barci, har na kai maganar wurin mai kula da ɗakin kwamfuta na kwaleji. Shi ya warware mini, ga kuma yadda na fahimta.

Allon irin wannan, wanda a ke kira LCD, ba shi ke haskawa da kansa ba. Fitila ce a bayansa. Gaban fitilar akwai matatai biyu na haske, kamar a ce matsefi biyu, ɗaya haƙoransa a tsaye, ɗaya a kwance. Hasken da ya bi ta na farko ba shi da hanyar wuce na biyu, sai fa in an murɗa shi a tsakani. Mai murɗawar wani abu ne da a ke shimfiɗawa tsakaninsu, kaurinsa bai kai na silin gashi ba. Shi ba ruwa sosai ba, ba kuma daskararre ba, bari mu kira shi ruwan ƙarau. Ƙwayoyinsa kamar 'yan tsinkaye su ke, a kwance, a jere a murɗe kamar igiya, su ke juya haske digiri 90 ya sami wucewa, wurin ya yi fari. In aka sakar musu lantarki sai su miƙe tsaye, su bar murɗawa, haske ya tokare, wurin ya yi baƙi.

To, ga inda gizo ke saƙar. In ana son launi tsaka tsaki, ba fari ba, ba baƙi ba, lantarki kaɗan a ke saka, tsinkayen su tashi rabi, su tsaya a jingine. Ku tuna da sandar makiyayi. In ya nuna ka da ita, kanta kaɗai ka ke gani, amma wanda ke gefe yana ganin tsawonta duka. Haka tsinkayen nan na jingine su ke. Wanda ya dube su ta inda suka nufa, a wurinsa kamar sun miƙe sarai ne, sai ya ga baƙi. Wanda ya dube su ta ɗaya wajen kuwa, kamar a kwance su ke, sai ya ga fari fat. A yawancin allunan nan, mai duba daga ƙasa shi ke ganin duhu, mai duba daga sama ya ga abu ya koɗe. Wurin da ya ke da duhu tun asali kuma, in aka dube shi a karkace, haske kan ɗan sulale ta cikinsa. Shi ya sa kore mai haske ya zarce kore mai duhu baƙi a idon yarona. Ni kuwa da tara littattafai da tura murfi baya, sai na ƙara masa karkata a kan karkata.

Abin ba na jiya ba ne. Tun 1888 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Friedrich Reinitzer, ya lura da wani sinadari mai narkewa sau biyu, da fari ya zama ruwa gurɓatacce, in zafi ya ƙaru ya zama garau. A 1970 ne Martin Schadt da Wolfgang Helfrich suka fito da dabarar murɗawar nan a ƙasar Suwizalan, ita a ke kira TN, ita ce kuma a tsohuwar kwamfutar abokina. Wajen 1996 kamfanin Hitachi na Japan ya fara sayar da wani iri mai suna IPS, wanda tsinkayensa ba sa miƙewa, a kwance su ke juyawa kamar hannun agogo, don haka ba wanda su ke nunawa da kai. Irin wannan ko daga gefe launinsa ba ya sauyawa ƙwarai, sai dai haske ya ɗan ragu. Amma ba shi a ke samu a yawancin tsofaffin kwamfutoci masu araha ba, mu kuwa masu koyon malanta kun san abin da aljihunmu ke iya ɗauka.

Na ce da mutumin nan, ai na ga a kan rubuta a jikin kwali wai ana ganin allo har digiri 170 daga gefe zuwa gefe, 160 daga sama zuwa ƙasa, na IPS ma 178. Ya yi dariya, ya ce yawanci suna auna wannan ne har zuwa inda fari ya fi baƙi haske sau 10 kacal, alhali in ka fuskanci allon sosai yakan fi shi wajen sau 1,000. Watau ana ganin wani abu, ba a ce ana ganinsa daidai ba. Kamar a ce maka jaki na iya ɗaukar buhu huɗu. Yana iyawa, amma kada ka tambaya ko zai kai kasuwa.

To, ina ne mazaunin da ya fi? Inda ido ya fuskanci tsakiyar allo sak, ba sama ba ƙasa, ba dama ba hagu. Ya koya mini wata dabara mai sauƙi: in allon mai sheƙi ne, kashe shi ka dube shi kamar madubi. In ka ga fuskarka a tsakiyarsa, ka zauna daidai. In rufin ɗaki ka gani, ko cikinka, gyara murfin. Ga mai aiki shi kaɗai a tebur, masana lafiyar ma'aikata sun ce bakin allo na sama ya yi daidai da ido ko ya ɗan yi ƙasa, tsakiyarsa ta sauka kamar digiri 15 zuwa 20, nisa kuwa santimita 50 zuwa 100, kusan tsawon hannu. Tun da ya ke ido na kallon ƙasa kaɗan, sai a ɗan kwantar da allon baya su fuskanci juna. Taga kuma ta kasance a gefe, gama in tana bayanka za ta faɗo cikin gilashin, in tana bayan allon ta kashe maka ido.

Wannan duk na mutum ɗaya ne. Aji fa? Gaskiyar magana, ɗan allo mai inci 14 ba a yi shi don yara hamsin ba, ko wane iri ne. Abin da na yi daga baya shi ne, na sauke kwamfutar daga tebur na ɗora ta kan ɗan gajeren benci, daidai idon mai zama a tabarma, na riƙa kiran yara shida shida, uku gaba uku baya, saura suna kwafe taswirar da na zana da alli. Na lura irin TN ya fi haƙuri da karkatar gefe a kan ta sama da ƙasa, saboda haka tsayin wurin ajiyewa shi na fi kula da shi. Kafin kuma kowane darasi sai in je in tsuguna a gaba, in zauna a ƙarshen benci na dama da na hagu, in duba da idona. Rigata ta sha ƙura, ba laifi. Na kuma bar dogara ga launi kaɗai, ko wane yanki sai na rubuta masa suna da manyan baƙaƙe.

Makin da na samu ran nan ba na faɗi ba ne a mujalla. Kashegari dai, kafin a fara karatu, na kira yaron gaban aji, na ce wa 'yan'uwansa amsarsa ta jiya daidai ce da abin da allo ya nuna masa, laifin nawa ne. Na sa waɗanda suka fi kowa dariya suka zo ɗaya bayan ɗaya suka zauna a gurbinsa suka duba, kowa ya tashi yana riƙe baki. Sa'an nan na ce masa ya yi haƙuri.

Ya ce, "Ba kome, Malam." Ya ɗan yi shiru, yana wasa da bakin tabarma da yatsan ƙafa, sa'an nan ya ce, "Malam, to giwar nan da kuka nuna mana makon jiya, za ku sake nuna mini? Ni baƙin dutse na gani."