Ƙidayar Kifi a Sanganeb

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya shekara arba'in yana jefa birgi da shimfiɗa mamari a kogin da ya ratsa ta gabas da Hajj Abdalla, wanda Larabawa ke kira Bahar Azrak, amma duk tsawon wannan zamani bai taɓa ganin kifi a cikin gidansa ba, sai dai ya gan shi yana mutsu-mutsu a ƙasan kwalekwale; domin kuwa ruwan da ke gangaro mana daga duwatsun Habasha, musamman da damina, ja ne wur da laka, har mutum ya tsoma hannu ya rasa yatsunsa. Saboda haka, sa'ad da ɗan ƙanena, wanda ke karatun ilmin teku a Jami'ar Bahar Maliya da ke Bur Sudan, ya aiko mini cewa shi da waɗansu ɗalibai za su fita ƙidayar kifi, kuma suna bukatar mai kyan rubutu da zai riƙe musu littafi a cikin jirgi, sai na yi dariya, na ce ashe duniya ta kai inda ake ƙirga abin da ba a kama ba. Duk da haka na shirya, bayan damina ta 2019.

Hanyar ba baƙuwa ba ce ga zuriyarmu. Daga Wad Madani na bi ta Gadarif, na kwana a Kassala ƙarƙashin duwatsun Taka, inda na ci tuwo a gidan waɗansu Hausawa, sa'an nan Haya, da Sinkat, har motar ta fara gangarawa ta tsakanin tsaunuka zuwa Sawakin. Nan ne kakanninmu, waɗanda suka baro ƙasar Hausa da niyyar Hajji, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, suke jiran jirgin da zai ƙetare da su Jidda. Waɗansu suka ƙetare, waɗansu guzuri ya ƙare musu suka komo suka zama mu. Na tsaya na shafa bangon wani kango, sai na ji dutsen yana da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Aka ce mini ai tsohon birnin da dutsen murjani aka gina shi. Ni kuwa tun ina almajiri nake jin ambaton murjani a Suratur Rahman, ina ɗauka jan dutsen nan ne da mata ke sawa a wuya.

Yaron ne ya warware mini a daren da na sauka Bur Sudan. Ya ce, "Baffa, murjani dabba ce." Ya bayyana mini cewa waɗansu ƙananan halittu ne masu laushi, kowace tana gina wa kanta ɗaki na farar ƙasa, 'ya'ya su yi gini a kan kangon iyaye, har a samu ganuwa mai tsawon tafiyar yini, kuma a cikin jikinsu akwai wani gansakuka da ido ba ya gani, wanda ke ciyar da su daga hasken rana, idan ruwa ya yi zafi ƙwarai su kore shi, su yi fari fat, in abin ya daɗe su mutu, kamar yadda ya faru a tekuna da yawa cikin 1998. Bahar Maliya kuma babu wani kogi mai gudana duk shekara da ke zuba laka a cikinta, shi ya sa ruwanta ya yi garau, gishirinta ya yi yawa.

Da asuba muka tashi. Sanganeb tana wajen kilomita 25 daga gaɓa, zobe ne na murjani da ya taso daga ƙasan teku mai zurfi, babu komai a kanta sai doguwar hasumiyar fitila mai shiryar da jiragen ruwa. Hukuma ta killace ta tun 1990, kuma a 2016 UNESCO ta sa ta, tare da Dungunab da tsibirin Mukawwar, cikin kayan gadon duniya. Mai jirginmu, wani dattijo daga ƙabilar Beja wanda kowa ke kira Rayyis, ya nuna arewa da haɓa ya ce can ne Sha'ab Rumi, inda Bafaranshen nan Kusto ya kafa gida a ƙarƙashin ruwa cikin 1963, mutanensa suka yi wata guda a ciki. Ban ba shi amsa ba, domin a lokacin hanjina yana neman fita ta baki. Ɗan masunci ne ni, amma na kogi.

Aikin nasu yana da ƙa'ida mai tsanani, irin wadda ƙungiyar Reef Check ta yaɗa a duniya tun 1997 domin masu aikin sa kai. Mutum biyu suka goya tulun iska suka nutse, suka shimfiɗa awo mai mita 100 a gefen ganuwar, suka fito, aka dakata kamar kwata guda har kifayen da suka firgita su komo harkokinsu. Sa'an nan masu ƙidaya suka sauka da fararen alluna da fensir, suna tafe a hankali, suna ƙirga abin da ya shiga faɗin mita 5 kawai, gaɓa huɗu, kowace mita 20. Ba kowane kifi ake rubutawa ba, alhali an taɓa lissafa fiye da iri 250 a wurin. Akwai waɗanda aka zaɓa su zama shaidu: kifin malam-buɗe-littafi, wanda da yawa daga danginsa murjani mai rai suke ci, don haka raguwarsa alama ce ta ciwo, da harid mai baki kamar na aku, mai kankare gansakuka, da najil da hamur, waɗanda kasuwa ke ƙauna, rashinsu kuwa yana nuna hannun masunta ya yi nauyi.

Da azahar ta gabato suka matsa mini, aka ɗaura mini gilashi da bututun numfashi, na riƙe igiyar jirgi na kifa fuskata. Wallahi ban san tsawon lokacin da na yi ba. Wani harid kore shar, tsawonsa kamar kamu ɗaya, ya zo daidai ƙarƙashina ya kafa baki a dutse, na ji ƙarar gurgurarsa ƙarara cikin ruwa, sa'an nan ya juya ya saki farar ƙura daga bayansa. Wannan ƙura, in ji yaron, ita ce yashin da muke takawa a bakin teku. Babu abin da ya zo mini a rai sai mahaifina.

Kuskurena ya zo da la'asar. Ina kwafe allunan zuwa littafi, sai na tarar da layin wani babban kifi mai ƙusumbi a goshi, wanda Turawa ke kira Napoliyon, babu komai a gaɓoɓi huɗun, alhali kuwa na gan shi da idona yana shawagi nesa kaɗan da awon. Na ɗauka mantuwa ce, na rubuta ɗaya. Wata ɗaliba da ke duba aikin ta tsaya a kaina, cikin ladabi ta ce, "Ustaz, a cikin awon ka gan shi?" Na ce a'a, amma yana nan. Ta ce to a goge, a rubuta sifiri, kuma kada a bar gurbin wofi, domin wanda zai buɗe littafin bayan shekara goma dole ya bambance tsakanin an duba ba a gani ba da ba a duba ba. Na ji kunya, ni da na shekara ashirin ina koya wa yara sharuɗɗan shaida da illar ƙari a cikin ruwaya. Na goge, hannuna yana rawa, Rayyis yana miƙo mini gahawar jabana mai citta kamar bai ji komai ba.

Da na komo gida na je gai da wani tsoho, abokin sana'ar mahaifina, na same shi yana ɗinkin taru a gindin bedi. Ya ce, "Ɗana, nawa kuka kama?" Na ce ko ɗaya. Ya yi dariya har ya yi tari. Sai na tambaye shi irin kifayen da suke kamawa a ƙasa da madatsar Sinnar lokacin ƙuruciyarsu. Ya fara da giwan ruwa, da ragon ruwa, da ƙarfasa, da tarwaɗa, ya ci gaba har ya shiga sunayen da ban taɓa ji ba, yana auna girman kowane da hannunsa. Ban zo da littafi ba, sai na ciro tikitin motar Kassala daga aljihu na juya bayansa, na ce, "Baba, sannu a hankali, a maimaita mini na biyar ɗin."