'Yata da raket ɗin gwanjo

A kasuwar Sabon Gari na sayi raket ɗin. Takalman makaranta na je nema wa yara wajen masu gwanjo, sai na hange shi jingine cikin tarin jakunkuna, fatar mariƙinsa duk ta saɓule. Mai kayan ma bai ɗauke shi a bakin komai ba, cewa ya yi in ba da abin da ya sawwaƙa. Na saya ne don murfin tukunyata ya huta. 'Yata ta fari (ku yi mini uzuri, ba zan kama suna ba) ta shafe watanni tana buga ƙwallon roba a bangon tsakar gida da shi. In na dawo daga aikin dare ina neman barci, ba abin da nake ji sai tim, tim, tim.

Shekarunta 8 a lokacin. Yanzu tana da 11, kuma raket ɗin nan ya jawo mini maganar da ban taɓa zaton zan yi da surukata ba.

A Samaru muke zaune. Wata maƙwabciya ce ta ce mini akwai wani dattijo da ke koya wa yara tanis a wani tsohon fili duk Asabar da safe. Da muka je, na tarar da siminti ya daddare, ragar an ɗinke ta da igiya a wuri uku. Yara sun kai goma sha biyu, mata biyu kacal. Dattijon, wanda kowa ke kira Baba Koci, ya karɓi raket ɗinmu ya jujjuya, ya ce, "Sista, wannan na babba ne, zai kashe mata kafaɗa." Ya ajiye shi gefe, ya miƙa mata ƙarami, da wata ƙwallo mai laushi mai ratsin ja.

Na ɗauka rashin kayan aiki ne. Ashe tsari ne. Hukumar tanis ta duniya, ITF, ta kasa ƙwallon yara gida uku: ja, ruwan lemo da kore. Ja ce mafi laushi da rashin gudu, ana buga ta a ƙaramin fili. Daga nan yaro ya hau ruwan lemo, sai kore, kafin a sake masa ƙwallon manya. Tun 2012 aka sa dokar cewa gasar 'yan shekara 10 zuwa ƙasa ba a yin ta da ƙwallon manya. A matsayina na ma'aikaciyar jinya abin ya kwanta mini, don na san gaɓoɓin yaro ba su gama ƙwari ba, kuma ƙwallon da ke tashi sama da kansa ba abin da za ta koya masa sai murɗa hannu ba daidai ba. Sai bana Baba Koci ya yarda ta ɗauki raket ɗin gwanjon, bayan an sake masa tsirkiya.

Shekara uku ina kai ta ina ɗaukar abin a matsayin wasa. Watan jiya ne ya tare ni a bakin fili ya ce, "Sista, yarinyar nan ta wuce yaran da nake da su. In ba ta fita ta kara da waɗanda za su doke ta ba, ta tsaya ke nan." Ya ce akwai gasar yara a Kaduna, kwana biyu.

Daga nan ya zana mini tsanin da tsinke a ƙasa. Matakin farko shi ne irin filinsa. Sai gasannin yara na jiha da na ƙasa, ƙarƙashin hukumar tanis ta Najeriya. Sama da su akwai manyan gasanni na cikin gida, irin su Dala Hard Court da ake yi a Kano da gasar da Babban Bankin Najeriya ke ɗaukar nauyi. Daga shekara 13 zuwa 18 yaro na iya shiga gasannin matasa na ITF, inda ake tara maki, kuma makin ba ya taruwa da yawa sai an yi tafiya ƙasa zuwa ƙasa. Wanda ya kai nan, ko dai ya zama ƙwararre mai cin abinci da wasan, ko wata jami'a a Amurka ta ɗauke shi karatu kyauta don ya buga mata.

Na ce, "Baba, akwai ɗan ƙasar nan da ya taɓa hawa har can?" Ya yi dariya. Nduka Odizor yaron tsintar ƙwallo ne a Legas, ya je Jami'ar Houston, kuma a 1983 ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon. A gasar Olamfik ta 1988 a Seoul, shi da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi ne suka wakilci Najeriya. Na daɗe ina maimaita sunan na ƙarshe a zuci. Suna ne irin na unguwarmu. Amma ban ɓoye wa kaina ba cewa duk ukun maza ne, kuma labarin ya haura shekara 35.

Da na dawo gida na ɗauki biro na yi lissafi, kamar yadda nake yi wa cefane. Ƙwallon tanis tana mutuwa, iskar cikinta na fita ko ba a buga ta da yawa ba. Tsirkiya na tsinkewa. Siminti yana cin takalmi kamar gara, ga ƙafar yarinya kullum ƙara tsawo take. Sai kuɗin mota, masauki, abinci, na mutum biyu, don ba zan bar ɗiya mace ta kwana a wani gari ba tare da ni ba, ko da Baba Koci ya girmi mahaifina. Wannan ba zargi ba ne, kuma shi da kansa ya riga ni faɗa. A nan na gane inda tsanin yake karyewa ga irinmu: matakin farko raket ɗin gwanjo ya isa, na biyu kuwa albashin wata yake nema.

Baban yara bai ce a'a ba, bai ce to ba. Cewa ya yi, "Ki ji ta bakin Hajiya." Duk matar aure ta san ma'anar wannan.

Ranar Lahadi muka hau Keke ta Kwangila zuwa gidanta a Sabon Gari. Na gaishe ta, na zauna a ƙasa, na kawo maganar a hankali. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "'Yar nan, kishiyar tawa fa ta fara zama mutum. Badi war haka wa zai so ya gan ta tana tsalle a gaban maza da ɗan siket? Islamiyyar fa?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, tambayoyinta sun fi nawa nauyi, kuma wasu daga cikinsu ni ma suna hana ni barci. Na ce mata yarinyar da dogon wando da doguwar riga da ɗan hijabi take bugawa tun ranar farko, kuma babu dokar wasan da ta ce sai da gajeren siket. Na ce Islamiyya da yamma ce, fili da safe, kuma mun yi yarjejeniya: ranar da hadda ta ja baya, raket ya hau kan sif. Na nuna mata hoton Ons Jabeur a waya, 'yar Tunisiya, Musulma, wadda ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023, kuma mahaifiyarta ce ta fara kai ta fili tun tana da shekara 3. Kuskure na yi. Hajiya ta kalli kayan da ke jikinta ta miƙo mini wayar ba ta ce uffan ba.

Abin da ban iya faɗa mata ba, don kada ya zama rashin kunya, shi ne abin da nake gani a wurin aiki. Mata sa'o'ina, wasu ma ba su kai ni ba, ana kawo su da hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa. In na ce su riƙa motsa jiki sai su yi murmushi, su ce, "Sista, a ina?" Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na minti 60 kowace rana. 'Ya'yanmu mata suna samun fiye da haka da langa da 'yar gala-gala, har ranar da wani ya lura ƙirji ya fara fitowa. Daga ranar sai a ce su natsu. Ni ma haka aka ce mini ina aji shida na firamare, ina cikin masu gudun makarantarmu. Na natsu. Yanzu hawa bene ɗaya zuwa ɗakin marasa lafiya sai na dafa bango.

Ban sa rai 'yata za ta taka Wimbledon ba. Cikin dubban yaran da ke riƙe raket, 'yan ƙalilan ne suke zuwa ko kusa. Amma ban ga dalilin da zai sa ni, uwarta, in zama wadda za ta cire mata mataki na biyu tun ba ta gwada ƙafarta a kai ba.

Da muka tashi tafiya Hajiya ta kira jikar tata, ta kama damtsenta ta latsa, ta ce, "Ji hannu kamar na mai daka." Ta juyo gare ni. "Sau ɗaya. Kuma ke za ki kai ta, ki dawo da ita."

Na roƙi wata abokiyar aiki mun yi musanyar kwanaki, zan biya ta da dare uku a jere. Jiya na koma wajen mai gwanjon nan neman takalmin fili. Na ɗauki wanda ya ɗara ƙafarta da lamba ɗaya, mai kayan ya ce ai zai yi mata yawa. Na ce ya sa mini a leda, za mu cusa auduga.